Kwamfuta 31, Kowace da Halinta: Nazarin Ɗakin Kwamfutar Wata Sakandare a Karkarar Jigawa

Yadda abin ya faro

Makarantar sakandare ce ta je-ka-ka-dawo a wani ƙauye na masarautar Ringim. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta koma kan kwamfuta, damuwar iyayen garin ɗaya ce: yaro ya yi karatu ya sani, amma sai ranar jarrabawa zai fara taɓa linzamin kwamfuta. Wannan ne ya sa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta dage sai da aka samu ɗaki guda da injina, ba a lokaci ɗaya ba, kuma ba daga hannu ɗaya ba.

Na je ɗakin sau uku, malamin kwamfutar kuma ya ba ni aron littafin da yake rubuta aikinsa na kullum. Abin da zan kawo a nan daga littafin ne da kuma abin da idona ya gani.

Injinan kashi uku ne. Akwai na tebur 14, ƙirar HP Compaq 6000 Pro masu Core 2 Duo, waɗanda wani ofis ya sauya aka ba makarantar. Tara a cikinsu na da faifai, wato ma'ajiyar bayanan da ke cikin injin, mai giga 250 da RAM, wato ƙwaƙwalwar da inji ke aiki da ita yana kunne, giga 4, biyar kuwa faifansu giga 160 ne, RAM giga 2. Sai laftof 11 ƙirar Dell Latitude E6430 masu faifai giga 320, na hannu, da aka sayo a Kano. Na ƙarshe su ne laftof 6 ƙirar HP EliteBook 840 G3 masu faifan zamani na SSD giga 128, su ne 'yan autan ɗakin kuma su suka fi sauri. Wata na kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, wata na kan Windows 10, wata ma ba ta tashi sam.

Wuta kuwa janareto ne, awa uku a rana idan an samu kuɗin mai. Intanet sai malamin ya kunna datar wayarsa ya ɗora ta a kan tagar gabas, inda sabis ke ɗan kamawa. Ga kuma bairos ɗin filashi, mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ya zagaye kusan kowane inji.

Makonni biyu na farkon Nuwamba: ɗaya bayan ɗaya

Malamin ya fara da abin da kowa ya sani, wato fomatin. Ya ɗora Windows 10, ya nemo direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da allo da sauti da katin sadarwa, ya saka manhajar rubutu da ta koyon buga kibod da burauza, sannan ya koma kan na gaba. A kwana tara na aiki ya gama inji 7. Kafin ya kai na bakwai, biyu na farko sun sake kamuwa da bairos, domin ɗalibai na shiga da asusun mai cikakken iko. Su bakwai ɗin ma ba su zo ɗaya ba: wata an manta ba a saka mata mai buɗe PDF ba, wata agogonta na kan lokacin wata ƙasa.

Da ya lissafa, sai ya ga sauran 24 za su cinye fiye da wata guda, ga zangon karatu na neman ƙarewa.

Ƙarshen Nuwamba: kwafin faifai kai tsaye

Wani abokin aikinsa daga makwabciyar makaranta ya kawo masa Clonezilla a filashi. Manhaja ce ta kyauta da aka ƙirƙira a Taiwan, aikinta ta ɗauki hoton abin da ke cikin faifai gaba ɗaya, da rabe-rabensa da tsarin tashinsa, ta adana a matsayin fayil, wanda masu sana'ar ke ce wa imej. Daga nan sai a zuba shi a wani faifan, ya fito tamkar an tsaga kara.

Ya zaɓi ta tebur guda mai giga 250 da ya fi gyarawa da kyau, ya ɗauki imej ɗinta ya ajiye a faifan waje. Ga abin da ya biyo baya.

'Yan uwanta takwas masu giga 250 sun karɓa, kowace a ƙasa da minti 20, suka tashi lafiya lau. A ranar ya rubuta a littafinsa cewa an gama da matsala.

Biyar masu giga 160 kuwa Clonezilla ta ƙi ko farawa. Dalili shi ne, ko da abin da ke cikin imej ɗin bai kai giga 30 ba, taswirar rabon faifan ta giga 250 ce, ba za ta zauna a faifan da bai kai haka ba. Haka ma EliteBook shida masu giga 128.

Latitude 11 sun karɓi imej ɗin tun da faifansu ya fi girma, amma da aka kunna su sai tambarin Windows ya fito, ya ɗan juya, sai shuɗin allo da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, wanda tsofaffin masu gyara suka sani da lamba 0x7B. Duka goma sha ɗayan, babu wadda ta tsallake.

Bai haƙura da EliteBook ba. Ya rage girman rabon Windows a injin asali zuwa giga 100, ya sake ɗaukar imej, ya umarci Clonezilla ta daina duba girman faifai. Wannan karon imej ya shiga, amma injin ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba. Wata katangar ce daban. Tsofaffin na tebur na tashi ne da BIOS na da, wato manhajar da ke tayar da inji kafin Windows, wanda ke karanta faifai mai tsarin MBR. EliteBook an saita su a kan UEFI, magajin BIOS, wanda ke neman faifai mai tsarin GPT da wani ɗan ƙaramin rabo na FAT32 inda fayilolin tashi ke zama. Wannan rabon babu shi a imej ɗin.

Su taran da suka tashi ma ba su rabu da matsala ba. Da aka jona su da injin malamin, wanda ke ɗauke da tambayoyin gwaji da ɗalibai ke buɗewa ta burauza, sai ga su duka da suna ɗaya a kan layin. Takwas kuma suka fara nuna rubutu a ƙasan allo cewa a kunna lasisin Windows.

Makon farko na Disamba: juya saiti

Abokin aikin nasa ya gano musabbabin shuɗin allon. Windows ɗin da ke cikin imej ta saba da faifai mai aiki a yanayin AHCI, ɗaya daga hanyoyin da inji ke magana da faifansa, direban wannan yanayin kaɗai take ɗagawa a farkon tashi. Latitude kuwa saitinsu na kan wani yanayin daban mai suna RAID. Aka shiga saitin kowace da F2, aka mayar AHCI, suka tashi.

Sun tashi amma da ɗingishi: allo ya baje saboda babu direban hoto na Intel, wasu babu Wi-Fi, maɓallan ƙara sauti ba sa aiki. Da aka dawo ranar Litinin, huɗu sun koma shuɗin allo. Ƙaramin batirin da ke riƙe musu agogo da saiti ya mutu, babban batirin ma ya daɗe da mutuwa, don haka da zarar an zare su daga wuta sai saitin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya. An gudu ba a tsira ba. A ƙarshen makon injina 16 ne ke aiki cikin 31, bakwai daga ciki kuma rabi da rabi.

Hutun Disamba: kwana biyu ba a ɗora komai ba

Da hutu ya zo, wani tsohon ɗalibin makarantar da ke gyaran kwamfuta a Beirut Road a Kano ya zo ganin gida, malamin ya kai shi ɗakin. Ya saurari labarin tun daga farko, sannan ya ce, "Malam, ka yi mini uzuri, amma kada mu sake zuba komai sai mun san abin da ke gabanmu. Rigar da aka auna wa mutum ɗaya muke ta ƙoƙarin sa wa gari guda."

Malamin ya ce, "To ɗana, yau kai ne malamin. Faɗi abin da za a yi."

Kwana biyu suka yi suna ƙidaya. Kowane inji aka manna masa lamba, aka buɗe masa layi a littafi: ƙira, girman faifai, RAM, BIOS ko UEFI, yanayin SATA (AHCI ko RAID), lafiyar ƙaramin batiri, da ko akwai takardar lasisi manne a jikinsa. Suka duba rahoton lafiyar kowane faifai, wanda ake kira SMART, sai ga biyu sun fara lalacewa, ɗaya na tebur ɗaya Latitude. Suka buɗe na tebur suka hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka. Aka sayo ƙananan batira aka sauya wa injina tara, aka kuma sayo faifai biyu na hannu.

Kafin a goge komai sai da suka yi wani abu da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Daga kowace ƙira suka ware inji guda, suka cika masa direbobinsa har komai ya yi aiki, sannan suka kwashe direbobin da umarnin DISM, wata manhajar gyara da ke cikin Windows, mai fitar da su zuwa wata jaka. Jaka uku ke nan a faifan waje, kowace da sunan ƙirarta. A wurin da saukar da fayil mai mega 300 kan cinye yini, wannan dabarar ta fanshi kuɗin data da kwanaki masu yawa.

Gina uwar imej

Uwar imej, wato sabon imej ɗin da za a zuba wa injinan, ba a kan ɗaya daga cikin injinan makarantar aka gina ta ba. A cikin VirtualBox aka gina ta, wato kwamfutar ƙirƙira da ke zaune a cikin laftof ɗin mai gyaran. Hikimar biyu ce: ba za ta kwashi direbobin wata ƙira ta musamman ba, kuma ana iya ɗaukar hoton matsayinta a kowane mataki, in an yi kuskure a koma baya.

Suka ɗora Windows 10 Pro, fitowar 22H2 mai bit 64, wadda ya sauko da ita tun daga Kano tare da fayil ɗin sabuntawa. Da aka iso allon farko mai tambayar ƙasa, maimakon su amsa sai suka danna Ctrl da Shift da F3 tare. Wannan na shigar da mutum yanayin shiri, inda zai saka manhajoji ba tare da an buɗe asusun kowa ba. Suka saka LibreOffice a madadin fasasshiyar manhajar ofis da aka saba yawo da ita a filashi, wadda ita kanta ƙofar bairos ce, da burauza, da mai buɗe PDF, da manhajar koyon buga kibod.

Sai Sysprep, wadda ke zaune a cikin kowace Windows a jakar System32. Idan aka kira ta da zaɓin generalize, tana cire duk abin da ya keɓanta da injin da aka gina a kai: sunansa, lambar shaidarsa ta SID, da rajistar na'urorin da ta gano. Windows na komawa kamar wadda ba ta taɓa ganin inji ba, ta yadda a tashin farko za ta laluba ta ga wane faifai ne, wane allo ne, ta ɗauki direban da ya dace.

Gwajin farko bai yi ba. Sysprep ta ce ba ta iya tantance wannan Windows ɗin ba. Da suka buɗe rahotonta a jakar Panther sai suka ga dalili: malamin ya jona datar wayarsa na ɗan lokaci don sauko da wani abu, shagon manhajojin Microsoft kuwa ya yi amfani da damar ya sabunta wasu manhajoji ga asusu ɗaya tak, abin da Sysprep ba ta yarda da shi. Suka koma hoton da suka ɗauka kafin jona intanet, suka cire katin sadarwar kwamfutar ƙirƙirar baki ɗaya, suka maimaita. Awa ɗaya da rabi aka rasa. Karo na biyu ta wuce.

Tare da Sysprep suka haɗa fayil ɗin amsoshi mai suna unattend.xml, wanda ke amsa tambayoyin tashin farko da kansa. A cikinsa suka sa lokacin Najeriya, suka buɗe asusu biyu, na malam mai cikakken iko da kalmar sirri, da na ɗalibi wanda ba zai iya saka ko cire manhaja ba. Suka kuma ƙara kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows tun asali, domin yara su riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Malamin Hausa na makarantar ya fi kowa murna da wannan.

Ɗaukar imej ɗin ma an canza hanya. Da DISM aka ɗauka, daga cikin ƙaramar Windows ta gyara da ake kira WinPE, ya fito a matsayin fayil ɗin WIM mai kusan giga 9. Bambancinsa da na farko shi ne, WIM fayiloli yake ɗauka, bai damu da taswirar faifai ba. Duk faifan da ke da wurin da zai ɗauke shi, ya wadatar. Sai dai filashin da UEFI ke tashi da shi yawanci FAT32 ne, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura giga 4. Saboda haka WinPE ta zauna a filashi, imej da direbobi suka zauna a faifan waje mai tsarin NTFS, wanda ke karɓar manyan fayiloli.

Abu na ƙarshe shi ne ɗan gajeren rubutun umarni da mai gyaran ya tsara. Yana tambaya ɗaya: 1 na tebur, 2 Latitude, 3 EliteBook. In an danna 1 sai ya raba faifai a tsarin MBR. In 2 ko 3 ne sai ya raba a GPT, da rabon tashi mai mega 100 da wani keɓaɓɓe mai mega 16. Daga nan ya zuba imej, ya ƙara direbobin jakar da ta dace kaɗai, ya rubuta fayilolin tashi da umarnin bcdboot. Latitude na iya tashi ta hanya biyun, sai aka mayar da su duka UEFI don a rage rarrabuwa.

Makon farko na Janairu: ɗorawa

Injina 26 aka ɗora wa cikin kwana uku na janareto, da filashi biyu da faifan waje biyu. Na tebur sun fi jan lokaci, kimanin minti 25 kowace, saboda USB 2.0 kaɗai suke da shi. EliteBook ba sa kai minti 10. Tashin farko na ƙara kusan rubu'in awa, lokacin da Windows ke gano na'urori. Bayan haka malamin ya sa wa kowace suna daidai da lambar da ke manne a jikinta.

Mai gyaran ya bar Latitude guda a kan RAID da gangan don gwaji. Ta tashi ba shuɗin allo.

A rana ta biyu mai ya ƙare ana tsakiyar zuba wa na tebur biyu. Ba a yi asarar komai ba, washegari aka sake daga farko.

Biyar ɗin nan masu RAM giga 2, an gwada imej ɗin a kan guda. Ta tashi, amma buɗe burauza kaɗai sai an yi ta jira. Tun da tambayoyin gwaji ta burauza ake buɗe su, sai aka ɗora wa guda Linux Mint mai fuskar Xfce, wani tsari na kyauta mara nauyi a madadin Windows, aka kwafe ta zuwa sauran huɗun da Clonezilla ɗin nan dai da ta ba da wahala a Nuwamba. Wannan karon ta yi aiki sumul, domin ƙira ɗaya ce, faifai girma ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne sauya wa kowace suna da sabunta lambar shaidarta ta machine-id.

Lasisi shi ne bai warware duka ba. EliteBook shida mabuɗin lasisinsu na dashe a cikin injin, suna ganin intanet suka kunnu. Cikin sauran 20, goma sha uku sun kunnu da kansu domin masu su na baya sun taɓa ɗaga su zuwa Windows 10, Microsoft na riƙe da shaidar injin. Bakwai ba su kunnu ba, kuma mabuɗin Windows 7 da ke manne a jikinsu bai yi amfani ba, saboda an rufe wannan ƙofar tun Satumba 2023. Wani ya kawo shawarar a yi amfani da manhajar fasa lasisi. Shugaban makarantar ya tambayi malamin, shi kuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ta nan ɓarnar ta shigo mana tun farko." Aka rubuta bakwai ɗin a jerin abin da za a nema wa kuɗi.

Bayan wata uku

A ziyarata ta ƙarshe injina 30 ke aiki, Latitude guda allonta ya fashe. Littafin ya nuna an sake zuba imej sau biyar a tsawon zangon, duka ba tare da an kira kowa daga Kano ba. Uku malamin ne ya yi, biyu kuwa wasu ɗalibai mata biyu 'yan ajin ƙarshe ne suka yi yana tsaye a kansu. Bairos ɗin filashi ya sake ɓulla sau ɗaya, amma bai wuce asusun ɗalibi ba. 'Yan ajin ƙarshe sun samu zaman gwaji sau biyu a mako kafin jarrabawa.

Abin da na fahimta daga lamarin

Ban ga laifin malamin a yunƙurinsa na biyu ba, kuma Clonezilla ba ta gaza ba. Ta yi abin da aka ƙera ta ta yi, shaida kuwa ita ce injina takwas na Nuwamba da huɗu na Janairu. Inda aka samu tangarɗa shi ne imej ɗin farko ya ɗauko abubuwa huɗu da mallakin inji ɗaya ne: girman faifansa, hanyar tashinsa, direbobinsa, da sunansa. Kowane cikas da aka ci karo da shi, in aka bi diddigi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne. Tsarin Disamba ya yi nasara ne domin ya ware su ya ba kowanne mai kula da shi: WIM ya kawar da maganar girma, rubutun umarni ya ɗauki rabon faifai da tashi, jakunkuna uku suka ɗauki direbobi, Sysprep ta goge suna da shaida. Abin da ya rage a cikin imej shi ne abin da injinan suka yi tarayya a kai.

Juya saitin SATA ya ba da sauƙi na kwana uku ne kawai, domin ya jingina gyaran ga batirin da babu wanda ya duba. A ganina kwana biyun ƙidayar nan su suka fi kowane mataki amfani, ko da yake a lokacin wasu malamai sun ɗauka ɓata man janareto ne. Da an yi su a farkon Nuwamba, da an san faifai kala huɗu ne da hanyar tashi biyu tun kafin a ɗauki imej ko ɗaya.

Akwai abin da har yanzu ke damuna. Gina uwar imej na hannun mutum ɗaya ne, yana Kano. Malamin ya iya zubawa, bai kai ga ginawa ba tukuna. Sannan wa'adin kulawar Microsoft ga Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma babu ko ɗaya a injinan da ke cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, har da EliteBook ɗin, tun da processor ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar sarrafawa, Intel ne zubi na shida, ita kuwa galibi daga na takwas take farawa. A yanzu an raba injinan ɗalibai da intanet, layin cikin ɗaki kawai suke gani. Malamin da tsohon ɗalibin nasa sun yi alkawarin zama a dogon hutu su gina imej na Linux, wannan karon malamin ne zai riƙe kibod, kuma za su fara gwada shi a kan injina bakwai ɗin da ba su da lasisi.